Ƙaramar Libarba da Sake Ɗura Kwanson Harsashi: Jagora ga Mai Farawa

Duk wanda ya fara riƙe ƙaramar libarba mai gajeren bututu, abin da ke fara burge shi shi ne rashin nauyinta da yadda take ɓacewa a tafin hannu. Abin da ke fara ba shi mamaki kuwa, ranar da ya je filin gwajin harbi, shi ne irin shurin da take yi da yadda harsashin ke kauce wa inda ya saita. A Amurka, inda wannan sha'awa ta fi ƙarfi kuma doka ta ba ta gurbi, 'yan harkar sun daɗe da sanin cewa babu bindigar hannu mai wuyar ƙwarewa kamar ƙaramar libarba, kuma babu abin da ke magance wannan sai yawan atisaye. Yawan atisaye yana cin harsashi, harsashi yana cin kuɗi, sannan na kanti galibi yana da zafin da ke gajiyar da hannu tun kafin a ƙarar da kwali guda. Wannan ne ya sa sha'awar ƙaramar libarba da ta sake ɗura kwanso suke tafiya tare kamar ɗan jumma da ɗan jummai: mai ɗuri yana iya haɗa harsashi mai sanyin shuri wanda zai yi ta harbawa ba tare da hannunsa ya yi tsami ba, libarba kuma ba ta watsar da kwanso a ƙasa kamar bindiga mai sarrafa kanta, tana riƙe da shi a cikin silinda, wato gangar nan mai juyawa da ke da ɗakunan harsashi, har sai mai ita ya zazzage shi a tafin hannunsa.

Doka kafin komai

A ƙarƙashin dokar tarayyar Amurka ta 1968, dillali mai lasisi ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba bindigar hannu. Mai saye yana cike takardar da ake kira fom 4473, sannan a binciki tarihinsa ta tsarin da hukumar FBI ke gudanarwa tun 1998. Ɗura kwanso don amfanin kai ba ya buƙatar lasisin tarayya, amma wanda zai riƙa ƙera harsashi yana sayarwa dole ne ya mallaki lasisin ƙira, kuma wasu jihohi, irin su Masachusets, suna neman izini ko da don mallakar kayan haɗin ne kawai. A ƙasashe da yawa kuwa, riƙe harsashi ɗaya tak ba tare da lasisi ba laifi ne da ke kai mutum gidan yari, saboda haka duk abin da ke biye ya shafi wanda dokar wurinsa ta amince masa ne kaɗai.

Zaɓen bindigar

Ƙaramar libarba ba sabuwar aba ba ce. Kamfanin Colt ya fito da Detective Special mai cin harsashi shida a 1927, sannan Smith & Wesson ya gabatar da Chiefs Special mai cin biyar a 1950, wadda ta zama uwa ga duk ƙananan libarbobin kamfanin masu ƙirar da ake kira J. Bayan shekara biyu ya fito da Centennial, wadda aka ɓoye gudumarta, wato ƙarfen da ke dukan gindin harsashi, a cikin jiki don kada ta sarƙe da tufafi, a 1965 kuma Model 60 ta zama libarba ta farko da aka ƙera da yawa da ƙarfen da ba ya tsatsa. An yi zamanin da ake ganin kwanan libarba ya ƙare, musamman da 'yan sandan Amurka suka koma ga bindigogi masu sarrafa kansu a shekarun 1980 da 1990, sai ga shi ta dawo da ƙarfinta. Ruger ya fito da LCR a 2009, wadda aka yi wani sashe na jikinta da roba mai tauri. Kimber, da ba a san shi da libarba ba, ya shigo da K6s mai cin shida a 2016, Colt kuma ya farfaɗo da Cobra a 2017.

Abin da ya kamata mai saye ya fi dubawa shi ne nauyi, domin shi ne ke yanke hukunci kan yawan atisayen da zai iya yi. LCR mai cin harsashin .38 Special ba ta wuce oza 13.5 ba, wato kimanin giram 380, kuma Model 642 ta Smith & Wesson mai jikin alminiyum ta ɗan ɗara ta kaɗan ne. K6s ta ƙarfe tana kusan oza 23, SP101 ta Ruger kuwa, wadda ta fito a 1989, ta kai kusan 26. Mai sauƙin ɗauka ita ce mai zafin shuri, mai nauyi kuma ita ce ke shanye shurin ta bar hannu lafiya. A ganina, wanda sha'awarsa harbi ce a fili da gwaje-gwajen ɗuri, ya fara da ta ƙarfe. Akwai wasu marasa nauyi ƙwarai, irin su 340PD da ba ta kai oza 12 ba amma tana cin .357 Magnum, kuma da wuya a sami wanda ya harba cikakken Magnum da ita sau biyar ya ce a ƙaro masa.

Kafin ka biya, ka tabbatar bindigar babu harsashi, sannan ka duba abu uku da idonka da hannunka. Ka ja kunama a hankali ka ji ko jan yana tafiya sumul ko yana cijewa a tsakiya. Ka lura ko silinda tana kullewa daram kafin guduma ta faɗi, a kowane ɗaki ba a guda ɗaya kawai ba. Ka ɗaga ta wajen haske ka ga ratar da ke tsakanin silinda da bututu, wadda ya kamata ta kasance siririya kamar kaurin takarda biyu kuma daidai take a kowane gefe. Sannan ka karanta takardar garanti, domin kusan duk kamfanonin suna rubuta cewa ba su da alhakin ɓarnar da harsashin ɗurin gida ya jawo.

Sanin harsashin da za a ɗura

Harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, makunni da ke gindinsa wanda 'yan harka ke kira firaima, albarushi, da ƙwayar da ke fita ta bututu. Ukun ƙarshe suna ƙarewa da harbi ɗaya, kwanso ne kaɗai ke saura, kuma da yake yana cikin mafi tsadar kayan, sake amfani da shi ne ke kawo rangwamen. Ba kowane kwanso ne ke ɗuruwa ba. Na alminiyum da na baƙin ƙarfe a zubar da su. A cikin na tagullar ma, ka leƙa ciki: idan huda ɗaya ka gani a tsakiyar gindi, tsarin Bokisa ne kuma zai ɗuru, idan ƙananan huji biyu ne a gefe, tsarin Badan ne, kuma zai karya maka allurar cire makunni. Abin dariyar shi ne Edward Boxer Bature ne ɗan Ingila amma Amurkawa ne suka rungumi tsarinsa, Hiram Berdan kuwa Ba'amurke ne amma a Turai tsarinsa ya yi kasuwa.

Mai farawa ya fara da .38 Special, kuma dalilan haka suna da yawa. Kwansonsa miƙaƙƙe ne ba shi da wuya, matsin da yake aiki da shi kaɗan ne, kuma yana jure ɗuri sau da yawa kafin bakinsa ya tsage. Ƙungiyar SAAMI, wadda masana'antun makamai na Amurka suka kafa a 1926 don daidaita ma'aunai, ta ƙayyade iyakar matsinsa a fam 17,000 kan kowane murabba'in inci, nau'in da ake yi wa alamar +P kuma 20,000, yayin da .357 Magnum ya kai 35,000. Faɗin ƙwayar duka biyun ɗaya ne, inci 0.357, amma da aka fito da Magnum a 1935 an tsawaita kwansonsa daga inci 1.155 zuwa 1.290 da gangan, don kada ya shiga tsohuwar bindigar da ba za ta iya ɗaukar matsinsa ba. Shi ya sa libarbar .357 take cin .38, amma ta .38 ba ta cin .357.

Akwai wani tarihi da ya wajaba ka riƙe, domin shi ne tushen haɗari mafi girma a wannan aiki. An ƙera .38 Special ne a ƙarshen shekarun 1890 don baƙin albarushi, wanda ke cika kwanso. Albarushin zamani marar hayaƙi ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda haka ɗan abin da ake zubawa yana kwanciya ne can a gindi, kwanson kuma ya zauna kusan fanko. Ma'anar wannan ita ce mutum zai iya zuba awo biyu a kwanso ɗaya ba tare da ya cika ya zube ba, ya ɗora ƙwaya a kai, harsashin ya fito tsaf kamar 'yan'uwansa. Irin wannan ne ke fasa silinda ya ɗage saman bindiga.

Kayan aiki

Abu na farko da za ka saya ba inji ba ne, littafin awo ne. Kamfanonin Lyman da Hornady da Speer da Lee duk suna buga nasu, masu sayar da albarushi irin su Hodgdon da Alliant da Vihtavuori na ƙasar Finlan kuma suna wallafa jadawalinsu kyauta. Waɗannan alƙaluma an gwada su ne a ɗakin bincike da na'urar auna matsi. Ba za ka ga adadin albarushi ko ɗaya a wannan jagora ba, kuma da gangan ne: awo yana canzawa da nau'in albarushi, da nauyin ƙwaya da siffarta, da zurfin da aka dasa ta, kuma lambar da wani ya faɗa maka da ka, ko ka tsinta a intanet ba ka san mafarinta ba, ba abin dogaro ba ce. Ka sami majiya biyu ka gwama su.

Sai injin ɗuri. Akwai mai aiki ɗaya a kowane jan hannu, irin Rock Chucker na kamfanin RCBS da Fred Huntington ya kafa a 1943 a Orobil ta jihar Kalifoniya, akwai kuma mai yin ayyuka da yawa lokaci guda, wanda kamfanin Dillon na Arizona ya yi suna a kansa, mai fitar da ɗaruruwan harsasai a awa ɗaya. Na biyun yana da daɗi, amma abubuwa huɗu ko biyar ne ke faruwa a cikinsa a jan hannu ɗaya, idon sabon shiga kuwa bai iya bin su duka ba. Ka fara da mai aiki ɗaya. Ko ka girma a harkar ba zai zama asara ba.

A kan injin ake ɗaura ƙarafan gyara guda uku: na matse kwanso, na buɗa baki, da na dasa ƙwaya. Ka nemi na farkon ya zama mai zoben kabaid, wani ƙarfe mai tauri ƙwarai, domin shi ba ya buƙatar a shafa wa kwanso mai. Sauran kayan su ne sikeli mai auna giren, da ma'aunin zuba albarushi, da kalifa mai auna tsawo har kashi ɗaya cikin dubu na inci, da abin dasa makunni, da faranti mai ramuka na jera kwanso, da gudumar roba mai warware harsashin da aka yi kuskure a kansa, da tabarau na kariya. Giren ƙaramin awo ne ƙwarai: guda 7,000 ne ke yin fam ɗaya, kuma giram ɗaya ya ɗan haura giren 15. Tazarar da ke tsakanin awon farawa da na ƙarshe a albarushi mai saurin ci sau da yawa ba ta kai giren ɗaya ba, saboda haka ka sayi 'yan duwatsun gwaji ka riƙa tabbatar da gaskiyar sikelinka kafin kowane zama.

Kan batun ƙwaya, 'yan harbin ƙananan libarbobi suna ƙaunar mai shafaffen kai mai nauyin giren 148, wadda ake dasawa kusan duka a cikin kwanso. Shurinta kaɗan ne kuma tana huda takarda tsaf kamar an sa abin huda. Mai giren 158 ita ce ta asali, kuma yawancin libarbobin da saitinsu ba ya motsi da irinta aka daidaita su. Idan ka sa mai ƙarancin nauyi, kada ka yi mamakin ganin ta sauka ƙasa da inda ka nufa.

Aikin kansa

Ka fara da wanke kwanso, ko dai a injin girgiza mai ɓawon gyaɗar turawa ko totuwar masara da aka niƙa, ko kuma a ruwa. Ƙyalli ba shi ne manufa ba, ana so ne a kawar da yashi da datti da za su karce ƙarfen matsi. Sannan ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin hannu suna da wata dabara: su ɗebi cikin hannu su girgiza kusa da kunne, lafiyayyen kwanso yana ƙara tas-tas kamar ƙararrawa, tsagagge kuwa muryarsa a dishe take, kuma ko guda ɗaya ne a cikin goma kunne zai kama shi. Duk mai tsaga a baki, ko kumburi a gindi, ko ramin makunnin da ya saki, a murƙushe shi da filaya a jefar, don kada ya dawo cikin tarin da kuskure. Ka kuma ware .38 daga .357, domin a ido kusan ɗaya suke.

Ƙarfe na farko yana yin aiki biyu a jan hannu ɗaya: yana mayar da kwanson da harbi ya buɗa zuwa faɗinsa na asali, allurar da ke tsakiyarsa kuma tana tunkuɗo tsohon makunni. Ka gama duka tarin, hamsin ko ɗari, kafin ka canza ƙarfe. Bayan haka ka auna tsawon wasu da kalifa. Kwanson libarba ba ya yawan tsawo kamar na doguwar bindiga, amma idan tsawonsu ya bambanta da yawa tsukewar bakinsu ba za ta zo daidai ba, sai a datse su su daidaita.

Ƙarfe na biyu yana ɗan buɗa baki don ƙwaya ta sami wurin zama. Kuskuren sabon shiga a nan shi ne buɗawa da yawa har bakin ya zama kamar na kakaki, abin da ke gajiyar da tagulla ya sa ta tsage da wuri. Abin da ake so shi ne ƙwaya ta tsaya da kanta a baki ba tare da ta faɗi ba, shi ke nan.

Sai dasa makunni, kuma daga nan tabarau ba ya barin fuska. Duka .38 da .357 ƙaramin makunnin bindigar hannu suke ci, sai dai akwai na yau da kullum akwai na Magnum, kuma littafin ne zai gaya maka wanda aka yi gwajin da shi. Ka tura shi a hankali har ka ji ya taɓa ƙasan raminsa, kada ka buga, kada ka yi masa dole idan ya cije. Da ka gama, ka shafa yatsa a gindin kwanson: ya kamata ka ji makunnin ya ɗan nutse ƙasa da fuskar tagullar. Wanda ya yi tudu zai goga da jikin bindiga ya hana silinda juyawa, kuma ba a taɓa ƙoƙarin ƙara tura shi bayan an zuba albarushi.

Yanzu aka zo wurin da dukan aikin ya rataya. Ka kashe talabijin, ka ajiye waya, ka gaya wa mutanen gida kada a kira ka. Gwangwanin albarushi ɗaya tak ne zai hau tebur, kuma ka karanta sunansa da lambarsa da babbar murya ka gwama da abin da ke littafi, domin akwai masu sunaye kusan iri ɗaya amma saurin cinsu ya bambanta. Ka fara daga awon farawa da littafin ya bayar, ba daga tsakiya ba, balle na ƙarshe. Ka daidaita ma'aunin zubawa, ka zubar da awo goma na farko ka mayar cikin gwangwani har ya zauna, sannan ka auna a sikeli. Idan ya yi daidai sau da yawa a jere, sai ka fara, kana sake aunawa bayan kowane kwanso goma.

Tsarin da na fi amincewa da shi shi ne a kife duk kwanson da ba a zuba wa komai ba, bakinsa ƙasa, a faranti na hagu. Wanda aka zuba wa kuma ya koma faranti na dama bakinsa sama. Ta haka kwanson da ka ɗauka a kife ba zai taɓa kasancewa da albarushi a ciki ba. Idan faranti ya cika, ka miƙe tsaye, ka ɗauki tocila ka haska cikinsu layi-layi, kana kallon kowane ɗaya. Za ka ga ɗan tarin baƙaƙen ɓarɓashi can ƙasa, duka a tsayi ɗaya. Ido yana saurin kama wanda ya fi sauran tudu, da wanda gindinsa ke ƙyalli don babu komai a ciki. Yana da kyau tun farko ka zuba awo biyu a kwanso ɗaya da gangan, ka dube shi da kyau don ka san kamanninsa, sannan nan take ka juye shi. Idan wani abu ya katse ka a tsakiyar layi har ka yi shakkar inda ka tsaya, ka juye farantin duka ka sake. Asarar minti goma ce kawai.

Ƙarfe na uku yana dasa ƙwaya. Littafin yana ba da cikakken tsawon harsashi, kuma wannan lamba ba ado ba ce: ƙwayar da ta nutse fiye da kima tana rage fili a cikin kwanso, matsi kuma ya hau. Ka daidaita da kwanso marar makunni marar albarushi tukuna, ka auna da kalifa, ka ajiye shi ya zama abin kwatance na gaba. Yawancin ƙwayoyin libarba suna da wani ɗan kwari da ya kewaye su, kuma a cikinsa ake lanƙwasa bakin kwanso ya riƙe ƙwayar. A ƙaramar libarba wannan tsukewa tana da muhimmanci na musamman. Duk lokacin da aka harba, bindigar tana zabura baya da sauri, ƙwayoyin da ke sauran ɗakunan kuwa nauyinsu yana sa su tsaya, sai su riƙa zamowa gaba kaɗan-kaɗan har ta ƙarshe ta leƙo ta gaban silinda ta hana ta juyawa. Gwargwadon rashin nauyin bindiga, gwargwadon tsananin wannan matsala. Da yawa sun fi son su raba dasawa da tsukewa su zama aiki biyu, musamman da ƙwayar dalma mai laushi da bakin kwanso ke iya karta.

Daga ƙarshe ka gwada kowane harsashi a ma'aunin ɗaki, wato ƙarfen da aka huda daidai da ɗakin silinda. Ya faɗa da nauyinsa ya fito da nauyinsa. Ka zuba su a kwali ka rubuta a jiki: kwanan wata, nau'in albarushi da awonsa, ƙwaya da nauyinta, makunni, da tsawo. Ragowar albarushin da ke ma'auni ya koma gwangwaninsa a daren, domin bayan mako biyu ba za ka tuna ko wane ne ba, kuma albarushin da ba a san sunansa ba ba shi da amfani.

A filin gwaji

Kada ka ɗura ɗari biyar a karon farko. Goma ko goma sha biyar na awon farawa sun isa, da wasu kamar haka na mataki na gaba idan kana so. Ka harba a hankali, kana saurare. Idan ka ji ƙara ta yi rauni, kamar an fasa ƙaramar leda, ko shurin ya yi sanyi ba kamar na baya ba, ka tsaya cak, kada ka sake jan kunama. Mai yiwuwa kwanson ba shi da albarushi, makunni kaɗai ya tura ƙwayar ta maƙale a bututu, kuma harbi na gaba a kanta zai kumbura bututun ko ya fasa shi. Ka buɗe silinda, ka zazzage ta, ka zura sanda a bututun ka tabbatar hanya a buɗe take. Idan kuma guduma ta faɗi babu ƙara ko kaɗan, ka ci gaba da nuna bakin bindiga wajen allon harbi na kusan rabin minti kafin ka buɗe.

Ka gwada riƙon ƙwaya ta hanyar auna harsashi ɗaya, ka yi masa alama, ka harba sauran huɗun, sannan ka fitar da shi ka sake aunawa. Idan ya ƙara tsawo, tsukewar ba ta isa ba. Ka kuma lura da yadda kwanso ke fita: idan sai ka buga sandar fitarwa da ƙarfi, alama ce mara kyau, ka daina harba wannan rukuni ka warware shi a gida. Amma kada ka dogara da irin waɗannan alamu a .38 Special, domin ana iya wuce iyakar matsinsa da nisa kwanso bai nuna komai ba. Littafin ne shingenka. Saurin da littafi ya rubuta ma ba za ka same shi ba, tunda da bututu mai tsawo aka gwada, naka kuwa kimanin inci biyu ne kawai, kuma ƙara albarushi don cike wannan giɓi ba ya haifar da komai sai ƙarin wuta da ƙara. Wanda ya harba .38 da yawa a libarbar .357 ya goge ɗakunan silinda da burushi kafin ya sa Magnum, saboda zoben dattin da gajeren kwanso ke bari a gaba.

Ajiya da lafiyar jiki

Albarushi ya zauna a gwangwaninsa na asali, wuri mai sanyi marar laima, nesa da wuta, kuma ba a cikin akwatin ƙarfe mai rufewa ruf ba, domin idan gobara ta tashi marar hayaƙi yana ci ne da sauri in yana sarari, amma in an kulle shi sai ya fashe. Makunni ya zauna a farantinsa na kamfani, kowane ɗaya a raminsa, kada a juye su a kwalba wuri ɗaya, kuma a raba su da albarushi. Abin da ya zube a ƙasa a share shi da tsintsiya da jiƙaƙƙen tsumma, ba da injin zuƙar ƙura ba. Makunni ne kuma kayan da ya fi saurin ɓacewa daga kasuwa: a 2020 da 2021 'yan ɗuri a Amurka sun yi watanni suna nemansa ruwa a jallo, wasu injinansu suka zauna ba aiki alhali suna da sauran kayan duka.

Dalma ita ce haɗarin da ba ya yin ƙara. Ba a ƙwaya kaɗai take ba, tana cikin sinadarin yawancin makunnai, kuma ƙurar da ke tashi idan aka buɗe injin wanke kwanso cike take da ita. A yi wannan aiki a waje ko wurin da iska ke ratsawa, kada a ci ko a sha a teburin ɗuri, a wanke hannu da sabulu bayan kowane zama, kuma kada yara da masu juna biyu su kusanci wurin. Wanda yake harbi da ɗuri a kai a kai, musamman a filin harbi na cikin gini, ya nemi likita ya riƙa auna masa yawan dalmar da ke jininsa sau ɗaya a shekara.